Takardar Shaida da Lissafin Biya: Abin da Ke Juya Akalar Gidajen Jinyar Tsofaffi a Amurka

Tsakure

Ƙa'idoji iri biyu ne ke tafiyar da gidajen jinyar tsofaffi a Amurka. Akwai ƙa'idar tantancewa, wadda ke ba gida izinin karɓar kuɗin gwamnati, akwai kuma ƙa'idar biya, wadda ke faɗin abin da za a biya da yadda za a lissafa shi. Wannan takarda ta bi sawun su biyun daga 1935 zuwa 2025, ta kuma kafa hujjar cewa duk inda suka saɓa, ƙa'idar biya ce ke rinjaye a ɗakin majinyaci. A ƙarshe an ɗan waiwayi Jamus da Japan, da kuma halin da Nijeriya ke ciki yanzu da ta fara maganar yi wa masu kula da tsofaffi rajista.

Gabatarwa

A Amurka akwai gidajen jinya kusan 15,000 da ke riƙe da takardar shaidar gwamnatin tarayya, kuma mutane kimanin miliyan 1.2 ne ke kwance a cikinsu. Kusan kashi 70 cikin ɗari na gidajen nan na 'yan kasuwa ne masu neman riba. Ɗaki na mutum ɗaya ya haura dala 100,000 a shekara, kuɗin da iyalai kaɗan ne ke iya ɗauka na dogon lokaci. Shi ya sa gwamnati ta zama babbar mai biya, ta hanyar shirye-shirye biyu, Medicare da Medicaid.

Ya kamata a bambanta lasisi da takardar shaida tun daga farko. Lasisi na jiha ne, shi ke ba mutum damar buɗe gida ya ajiye majinyata. Takardar shaida kuwa ta tarayya ce, tana ƙarƙashin hukumar CMS mai kula da shirye-shiryen nan biyu, ita ce kuma ƙofar baitulmali. A ƙa'ida mutum na iya zama da lasisi kawai ya ce bai son kuɗin gwamnati. A zahiri kaɗan ne ke iya haka. Saboda haka duk ƙarfin da tarayya ke da shi a kan waɗannan gidaje daga aljihunta yake fitowa, kuma wannan shi ne tushen abin da zan faɗa.

Kuɗi ya riga ƙa'ida isowa

Dokar tallafin jama'a ta 1935 ta ware wa tsofaffi matalauta kuɗin agaji, amma ta hana ba wanda ke zaune a gidan gajiyayyu na hukuma. Niyyar masu dokar ita ce su kashe waɗannan gidaje, waɗanda suka yi ƙaurin suna wajen ƙazanta da wulaƙanci. Sun kuwa yi nasara. Sai dai tsohon da ya fito da 'yan kuɗinsa a hannu bai daina buƙatar mai yi masa wanka da ba shi abinci ba. Masu gidaje suka fara ba da hayar ɗakuna haɗe da kulawa, daga nan sana'ar ta tsiro. A 1950 aka yarda gwamnati ta riƙa biyan gidajen kai tsaye, bisa sharaɗin jihohi su kafa tsarin lasisi. A 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta kafa Medicare da Medicaid, kuɗi ya kwararo, gine-gine suka yawaita.

Abin lura a wannan tarihi shi ne jerin abubuwan. Sana'ar ta girma a kan hanyar biya, ƙa'idar inganci ta biyo baya tana ƙoƙarin cim mata. Lokacin da aka zo fara aiki da Medicare, gidaje da yawa ba su cika sharuɗɗan ba, sai aka bari suka shiga da alkawarin za su gyara. Wannan sassauci na ranar farko bai bar tsarin ba har yau.

Dokar 1987

Bayan shekaru na tonon silili a jaridu da zaman sauraron bahasi a majalisa, Cibiyar Nazarin Likitanci ta ƙasar ta fitar da rahoto a 1986 kan ingancin kulawa a gidajen jinya. A kansa aka gina dokar gyara ta 1987, wadda Shugaba Ronald Reagan ya sa wa hannu. Ita ce ƙashin bayan tantancewa har yanzu.

Dokar ta ce dole a auna kowane majinyaci da ma'auni iri ɗaya, a rubuta masa tsarin kulawa nasa na kansa. Ta hana ɗaure tsoho a gado ko kujera, ko ɗirka masa maganin kashe jiki, don ladabtarwa ko don sauƙaƙa wa ma'aikata aiki. Ta wajabta a samu nas mai rajista na tsawon sa'o'i 8 a jere kowace rana, da nas mai lasisi dare da rana. Mataimakan jinya, wato waɗanda ke wanka da juya majinyaci da canza masa shimfiɗa, aka ce sai sun yi horon sa'o'i 75 sun ci jarrabawa. Kowa ya ga ƙanƙantar wannan adadi, domin bai kai mako biyu na cikakken aiki ba, ga shi kuma a hannun waɗannan mutane ne mafi yawan aikin yake.

Jami'an jiha ne ke zuwa bincike a madadin tarayya, ba tare da sanarwa ba. Kada tazarar ta wuce wata 15 ga kowane gida, matsakaicinta a jiha kuma wata 12. Kowane laifi ana ba shi harafi daga A zuwa L, gwargwadon muninsa da yawan mutanen da ya shafa. J da K da L na nufin rai na cikin haɗari nan take. Hukunci ya haɗa da tara, da naɗa shugaban riƙo, da dakatar da biyan kuɗin sababbin majinyata idan an kai wata uku ba a gyara ba, da soke yarjejeniya gaba ɗaya idan an kai wata shida.

Dokar ta yi aiki a inda abin ke ganuwa da ido. Ɗaure tsofaffi, wanda a da ya zama ruwan dare, ya ragu ƙwarai. Amma ta bar giɓi guda babba: game da yawan ma'aikata, cewa kawai ta yi su zama isassu, ba ta faɗi adadi ba. Albashi kuwa shi ne mafi girman abin da gidan jinya ke kashewa, don haka nan ne mai neman riba zai fara sa almakashi.

Aljihu biyu, majinyata iri biyu

Mutane da yawa a Amurka na tsufa da zaton Medicare zai ɗauki nauyin zamansu a gidan jinya. Ba haka abin yake ba. Medicare inshorar jinya ce ta ɗan lokaci. Sai mutum ya kwana uku a asibiti a matsayin wanda aka kwantar, sannan a biya masa har kwana 100 a gidan jinya. Kwana 20 na farko kyauta ne, daga nan sai ya riƙa ba da nasa kason, wanda a 2024 ya kai dala 204 a rana. Akwai ma wani tarko a ciki. Asibiti na iya ajiye mutum kwana uku a gado da sunan ana sa masa ido kawai, ba a rubuta shi a cikin waɗanda aka kwantar ba. Waɗannan kwanaki ba sa shiga lissafi, sai iyali su ga takardar biya ta fado musu. Abin ya yi yawa har majalisa ta yi doka a 2015 cewa dole asibiti ya sanar da majinyaci matsayinsa a rubuce.

Zama na dindindin, irin na mai gigin tsufa ko wanda ɓarin jikinsa ya shanye, Medicaid ne ke ɗauka, kuma shi ke biya wa kimanin mutum shida cikin goma na mazauna gidajen. Amma Medicaid na talakawa ne. A yawancin jihohi sai abin da mutum ya mallaka, ban da wasu 'yan abubuwa kamar gidan zamansa, ya sauko zuwa dala 2,000. Ana duba shekara biyar baya a ga ko ya yi kyauta da dukiyarsa don ya cancanta. Bayan ya shiga, fanshonsa na tafiya ga gidan jinya, a bar masa kuɗin kashewa wanda mafi ƙarancinsa a dokar tarayya dala 30 ne a wata, adadin da bai motsa ba tun ƙarshen shekarun 1980. Idan ya rasu, dokar 1993 ta umarci jiha ta nemi kuɗinta daga abin da ya bari. Malamin makaranta da ya yi shekara arba'in yana tari sai ya cinye tarin kafin gwamnati ta san da shi.

Ga inda abin ya shafi batunmu. Medicare na biyan kuɗi mai tsoka a kowace rana. Hukumar da ke ba majalisa shawara kan Medicare ta daɗe tana nuna cewa ribar gidajen jinya daga wannan shiri ta haura kashi 10 cikin ɗari shekara bayan shekara tun daga 2000. Medicaid kuwa kowace jiha ce ke yanka farashinta, kuma a wurare da yawa ya yi ƙasa sosai. Takardar shaida ɗaya ce, sharuɗɗan ɗaya ne, gadon ma sau da yawa ɗaya ne, amma mai gida ya san wanda aka yi wa aikin ƙugu da zai yi mako uku ya fi tsohuwar da za ta yi shekara uku kawo kuɗi. Sakamakon haka a bayyane yake. Gidaje na rige-rigen ɗauko majinyatan Medicare daga asibitoci, ana gyara musu ɓangare na musamman, gidajen da suka dogara da Medicaid kusan kacokan kuma, waɗanda galibi ke unguwannin talakawa da baƙar fata, su ne ke da ƙarancin ma'aikata da yawan laifuka.

Minti 720

Babu misalin da ya fi wannan fito da hujjata fili, don haka zan ɗan daɗe a kansa.

Kafin 1998 Medicare na mayar wa gida abin da ya ce ya kashe. Kuɗi ya yi ta hauhawa, sai dokar daidaita kasafi ta 1997 ta kawo farashi tsayayye na kowace rana, wanda ya dogara da rukunin da majinyaci ya faɗa. Girgizar farko ta yi ƙarfi: tsakanin 1999 da 2000 manyan kamfanonin gidajen jinya da dama suka shigar da takardar karyewa. Waɗanda suka tsira sun karanci sabon lissafin da kyau. Sun gane cewa abin da ya fi ɗaga rukunin majinyaci shi ne yawan mintocin gashi da motsa gaɓɓai da aka yi masa a mako. Wanda ya samu minti 500 na rukuni mai tsada, wanda ya samu 720 na rukuni mafi tsada.

Da hukumar CMS ta fitar da alƙaluma, sai aka ga majinyata sun yi cincirindo a bakin iyaka. Kaso mai yawa na 'yan rukunin ƙoli ba su wuce minti 720 da fiye da minti goma ba. Babu wata cuta da aka sani wadda maganinta ya tsaya daidai a kan wannan adadi. An samu rahotannin tsofaffi da ke kwanakinsu na ƙarshe a duniya ana ɗaga su ana motsa musu ƙafa don a cike mintoci. A 2016 kamfanin Life Care Centers ya amince ya biya dala miliyan 145 don a rufe ƙarar da gwamnati ta shigar kan irin wannan zargi, kamfanin gashi na RehabCare ya biya miliyan 125 a shekarar.

Ranar 1 ga Oktoba 2019 aka sauya tsarin. Sabon lissafi ya daina ƙirga mintoci, ya koma kan cutar majinyaci da yanayin jikinsa. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza: cikin makonni kaɗan mintocin gashi suka faɗi, aka sallami masu gashi da yawa ko aka rage musu sa'o'i, aka koma tara majinyata rukuni-rukuni a yi musu tare. Majinyatan ranar 30 ga Satumba su ne na ranar 2 ga Oktoba. Sharuɗɗan takardar shaida ba su canza da ko harafi ɗaya ba a wannan dare. An tsara sabon tsarin ne don kada kuɗin da ake kashewa ya ƙaru, amma da yake yanzu rubuta cututtuka ne ke kawo kuɗi, sai rubutun ya yawaita, har hukuma ta zo ta zaftare kashi 4.6 cikin ɗari a cikin shekara biyu don ta mayar da abin daidai.

Ba ina cewa kowane mai gida macuci ne ba. Manajan da aka ba kasafi zai nemi inda kuɗi yake, kamar kowane manaja. Abin da nake cewa shi ne jami'in bincike na zuwa sau ɗaya a shekara ya yi kwana uku ko huɗu, lissafin biya kuwa na zaune a ofishin gidan kullum safiya.

Taurari da ƙirgen ma'aikata

A Disambar 2008 aka ƙirƙiro ma'aunin taurari biyar don iyalai su iya zaɓe. Ya tsaya a kan ƙafa uku: sakamakon bincike, yawan ma'aikata, da alƙaluman inganci. Biyu daga cikin ukun gidajen ne ke kawo bayanansu da kansu. Da aka tilasta musu miƙa takardun albashi na haƙiƙa daga 2016, sai ta bayyana cewa ma'aikatan ba su kai yadda ake faɗa ba, musamman ranakun Asabar da Lahadi.

Maganin kashe jiki ma haka. A 2012 aka fara yaƙi da ba masu gigin tsufa magungunan taɓin hankali, alƙaluma kuma suka sauka. Amma ma'aunin ya cire masu cutar sikizofireniya daga ƙirge, tunda su suna buƙatar maganin da gaske. Sai aka wayi gari wannan cuta, wadda aka san ta da bayyana a ƙuruciya, tana ta bayyana a takardun 'yan shekara tamanin. A Janairun 2023 hukuma ta fara bin diddigin irin waɗannan rubuce-rubuce tana rage wa masu yi taurari.

Batun adadin ma'aikata ya fi kowanne daɗewa. Wani nazari da aka yi wa hukumar a 2001 ya nuna ana buƙatar kimanin sa'o'i 4.1 na aikin jinya ga kowane majinyaci a rana don kauce wa cutarwa. Shekara fiye da ashirin ba a mayar da shi doka ba. Annobar korona ta zo ta kashe sama da mutum 200,000 daga mazauna da ma'aikatan wuraren kula na dogon lokaci. A Afrilun 2024 gwamnatin Biden ta kafa sa'o'i 3.48, da nas mai rajista dare da rana. Masu gidaje suka ce babu ma'aikatan da za a ɗauka kuma ba a ƙara musu kuɗi ba. A Afrilun 2025 wata kotun tarayya a Teksas ta rushe ginshiƙan ƙa'idar, a Yuli kuma majalisa ta jingine ta har 2034. Abin da ya ba wannan jinkiri daɗi a wurin majalisa shi ne an lissafa shi a matsayin tanadin kuɗi ga baitulmali. A ganina wannan amincewa ce a fili cewa inganci na da farashi kuma mai biya bai shirya biya ba.

Koken masu gidaje na da ƙamshin gaskiya, amma ba a iya auna shi da sauƙi, domin ba a ganin inda kuɗin ke ƙarewa. Gida na iya nuna asara a littafinsa alhali yana biyan haya mai tsada ga wani kamfani, yana sayen magani da hidimar gudanarwa daga wasu, dukansu kuma mai su ɗaya ne. Kamfanin HCR ManorCare misali ne: masu zuba jari na Carlyle suka saye shi a 2007, aka sayar da gine-ginensa a 2011 kan kusan dala biliyan 6, ya koma ɗan haya a gidajensa, a 2018 ya karye. Takardar shaida na duba gyambon kwanciya da tsabtar kicin, ba ta duba yarjejeniyar haya.

Sannan hukuncin ƙarshe, wato soke yarjejeniya, da wuya ake zartar da shi. Rufe gida na nufin kwashe tsofaffi ɗari a rasa inda za a kai su, musamman a karkara, kuma jihar da ke bincike ita ce ke biyan kaso na Medicaid, ita ce kuma za ta nemo musu gadaje. Mai bincike da mai biya da mai neman gado duk gwamnati ɗaya ce.

A wajen gidan jinya

Dokar Medicaid ta wajabta wa jihohi biyan kuɗin gidan jinya, amma kulawa a gidan mutum zaɓi ce, ta hanyar izinin musamman da aka fara a 1981. Hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Olmstead a 1999 ya tura jihohi zuwa wannan ɓangare, kuma daga 2013 abin da ake kashewa a gida da unguwa ya zarce na gidajen jinya da sauran wuraren kwantarwa. Duk da haka jiha na iya ƙayyade gurabe, shi ya sa a 2023 mutane kusan 700,000 ne ke layin jira.

Jamus a 1995 da Japan a 2000 sun ɗauki wata hanya: inshora ta musamman ta kulawar dogon lokaci, wadda ba ta tambayar ko mutum talaka ne. Ana auna buƙatarsa a sa shi a mataki, biyar a Jamus tun 2017, bakwai a Japan. Jamus na ba iyali zaɓin karɓar kuɗi a hannu su yi jinyar da kansu. Japan ta ƙi yin haka da gangan, don tsoron kada kuɗin ya ɗaure mata, musamman surukai, a ɗakin jinya. Tana sabunta farashin hidima duk shekara uku, tana amfani da ƙarin lada ga gidan da ya ɗauki ƙwararru. Su ma ba su tsira daga wasan alƙaluma ba. Jamus ta fara ba gidaje maki a 2009, ta watsar da tsarin a 2019 saboda kusan kowa na samun maki mai kyau.

Inda ya shafe mu

Nijeriya ta samu dokar Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021, kuma maganar mizani da horo da rajistar masu kula da tsofaffi na cikin abin da take yi. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sa tsofaffi cikin masu rauni da asusu na musamman zai ɗauka, amma wannan kuɗin asibiti ne da magani. Wanka da ciyarwa da juya tsoho a shimfiɗa babu mai biyansu sai iyali.

A ƙasar Hausa kai mahaifi gidan gajiyayyu abin kunya ne, kuma ban ga alamar za mu gina irin gidajen Amurka da yawa nan kusa ba. Abin da ke yaɗuwa a birane shi ne ɗaukar mai jinya a gida, wanda 'ya'yan da ke Abuja ko ƙasar waje ke turo wa kuɗi ƙarshen wata. Gwamnatin da ba ta biya ba ta da ƙofar da za ta tsaya a kai ta ce sai da takarda, don haka rajistar da za a yi wa irin wannan ma'aikaci ba za ta yi tasiri ba sai idan iyali sun ga amfanin tambayar ta: a samu kundin da za a iya dubawa ta waya, a san wanda aka taɓa kora saboda duka ko sata, a kuma san me ya koya. Idan wata rana wata jiha ko hukumar fansho ta yanke shawarar biyan wani kaso, tambayar da za ta fara amsawa ita ce me za ta ƙirga, sa'o'i ko ziyara ko yanayin tsohon, da kuma wa zai kawo mata alƙaluman. 'Yar da ta bar sana'arta ta zauna da mahaifiyarta ita ce mafi yawan masu wannan aiki a wurinmu, kuma sai an yanke ko ita ma za ta shiga cikin waɗanda za a horar a biya, kamar yadda Jamus ta yi, ko a bar ta a waje saboda dalilin da Japan ta bayar.